Maganin da ke Ɓoye Cikin Zaren Sange

 Darasinmu na wannan fitowa ya shafi lafiyar iyali, ya kuma shafi gona. Amma bari mu fara da randa.

Kowa ya san randar ƙasa. Idan aka cika ta da ruwa da safe, zuwa azahar za mu ga jikinta ya yi danshi. Ruwan yana tsattsafowa kaɗan-kaɗan ta ƙananan ƙofofin da ido ba ya gani. Wannan tsattsafi shi ne ke sanyaya ruwan. In kuwa randar ta fashe, ruwan zai malale gaba ɗaya, ƙasa ta shanye, babu wanda ya amfana. Ruwa ɗaya ne, amma yadda ya fito shi ne ya bambanta.

Masana sun daɗe suna nazarin wannan al'amari. Suna so su zuba magani cikin wani abu, abin ya riƙe shi, ya riƙa sakinsa sannu a hankali har tsawon watanni ko shekaru. Wani zai ce wannan zancen manyan ƙasashe ne. To, irin wannan abu yana rataye a ɗakunanmu a Agye, da Gazawa, da Gidan Rumji. Shi ne sange, wanda wasu ke kira gidan sauro.

Yadda sange ya samu magani

Zazzaɓin cizon sauro ba baƙo ba ne a jihar Maraɗi. Da zarar damina ta kankama, kududdufai sun cika, Gulbin Maraɗi da Gulbin Kaba sun kawo ruwa, sai sauro ya yi yawa. Daga watan Agusta zuwa Oktoba asibitocinmu kan cika da yara masu masassara, da jijjiga, da ƙarancin jini. Macen sauro ce ke ɗauke da ƙwayar cutar, kuma ta fi yin cizo da dare. Wannan lokaci kuwa shi ne na aikin gona, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, kuɗi kuma ya yi wuya a hannu.

Sange na da, ƙyalle ne kawai. Yana tare sauro, amma idan ya huje, ko hannun yaro ya jingina da shi, sauro zai yi cizonsa. Daga baya aka gano cewa in aka tsoma sange cikin ruwan maganin ƙwari, amfaninsa yana ƙaruwa ƙwarai. Wani bincike da aka yi a ƙasar Gambiya, aka bayyana shi a 1991, ya nuna cewa mutuwar ƙananan yara ta ragu a ƙauyukan da ke kwana cikin irin wannan sange. Sai dai akwai wahala. Maganin yana kan fatar zaren ne kawai. Wanki kaɗan sai ya tafi. Dole a sake tsoma sangen bayan wata shida ko shekara. Manya daga cikinmu sun tuna wannan zamani, kuma sun san mutane ƙalilan ne suke komawa a sake tsoma musu.

Sai wani kamfani na ƙasar Japan, mai suna Sumitomo, ya fito da wata dabara. Maimakon a shafa magani a kan zare, sai aka narkar da robar da za a yi zaren, aka gauraya ta da maganin, sa'an nan aka ja zaren. Maganin ya shiga cikin jikin zaren, kamar yadda gishiri ke shiga cikin tuwo. Sunan wannan sange Olyset. A cikin kowane kashi 100 na nauyinsa, kashi 2 magani ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2001. Daga 2003 aka fara saƙa shi a garin Arusha na ƙasar Tanzaniya. Shi ne sangen nan mai ɗan tauri, mai manyan idanu.

Akwai kuma wani iri mai laushi, kamar PermaNet. Shi wannan, an liƙe maganin ne a jikin zaren da wani irin ƙaro mai ƙarfi, wanda ba ya sakin maganin da sauƙi. Hanya biyu ke nan, amma manufa ɗaya ce.

A Nijar, an yi babban rabon irin waɗannan sanguna a watan Disamba na 2005 da watan Maris na 2006, tare da rigakafin shan inna. An raba fiye da miliyan 2 ga iyaye mata masu yara 'yan ƙasa da shekara 5. Tun daga nan aka ci gaba da rabawa lokaci-lokaci, ana kuma ba mata masu ciki a wurin awo. Masana sun ƙiyasta cewa daga 2000 zuwa 2015, an kauce wa kamuwa da zazzaɓi har sau miliyan 663 a Afirka, kuma kashi 68 cikin 100 na wannan nasara daga sange mai magani ta fito.

Abin da ke faruwa cikin zaren

Mu ɗauki zare ɗaya na sange mai tauri. Cikinsa kamar rumbu ne. Fatarsa kuwa kamar ƙwaryar da uwargida ke ɗiban hatsin yini ɗaya. Maganin da ke kan fata shi ne ke aiki. Idan sauro ya sauka, maganin zai shiga jikinsa ta ƙafafu, ya ruɗa masa jijiyoyi, ya faɗi ya mutu. Wani sauron ma ba ya iya daɗewa a kan sangen, sai ya tashi bai yi cizo ba.

Idan maganin da ke kan fata ya ragu, na ciki zai taso ya cike gurbinsa. Ba wanda ke tura shi. Haka ɗabi'arsa take: daga inda yake da yawa yakan tafi inda yake kaɗan, kamar yadda ƙamshin turaren wuta ke bazuwa daga kasko zuwa ko'ina cikin ɗaki. Zafi yana gaggauta wannan tafiya, sanyi yana rage ta.

Daga nan za mu fahimci abin da wanki ke yi. Duk wanki ɗaya yana share ƙwaryar nan ta yini. Sai an ɗan jima, sau da yawa 'yan kwanaki, kafin sabon magani ya taso ya cika fatar zaren. Kowane wanki kuma yana rage abin da ke cikin rumbu, kuma wannan rumbu ba a sake cika shi. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa ita ce, sange mai daɗewa ya jure wanki 20, ya kuma yi shekara 3 ana amfani da shi.

Ga lissafi ga 'yan aji. Shekara 3 wata 36 ke nan. Matar da ke wanke sangenta kowane mako, za ta cinye wanki 20 cikin wata 5. Wadda ke wankewa sau ɗaya a wata 3, wanki 12 kacal za ta yi cikin shekara 3. Ta farko ta fi tsabta a ido, amma kafin damina ta biyu sangenta ya kusa komawa ƙyalle.

Ba muna hana wanki ba ne. Mun san ƙura da hayaƙin murhu da fitsarin yara suna ɓata sange, kuma datti mai kauri shi ma yana rufe maganin. Abin da muke cewa shi ne a yi shi da lura. A wanke da ruwa mai sanyi da sabulu na gari, a cuɗa a hankali cikin bokiti ko roba. Kada a sa ruwan zafi. Kada a sa ruwan jabel. Kada a buga shi a kan dutse ko turmi, kada a goge shi da buroshi. Idan ƙura ce kawai, kaɗewa ta wadatar.

Wurin shanya ma akwai kuskuren da muke yi. Mun saba shanya kaya a rana, don haka sange ma mukan yafa shi a kan danga ya yini. Hasken rana mai ƙarfi yana lalata maganin da ke kan zaren, yana kuma sa zaren ya yi rauni. A shanya shi a inuwa. Waɗanda ke kwana a tsakar gida lokacin bazara, su riƙa kwance sangen da safe su shigar da shi ɗaki.

Ruwan wankin kuma a zubar da shi nesa da rijiya. Kada a wanke sange cikin gulbi ko tafki. Maganin da ke jikinsa ba ya cutar da mutum a wannan gwargwado, amma yana kashe kifi. Saboda wannan dalili ne kamun kifi da sange ya zama ɓarna biyu: an hana yaro kariya, an kuma zuba magani cikin ruwan jama'a.

Sabon sange fa? Ya daɗe a ƙunshe cikin leda, magani ya taru a fatarsa. Shi ya sa wasu ke jin ƙaiƙayi ko zafi a fuska a daren farko, har su ce sangen ba shi da kyau, su jefar. A buɗe shi, a rataye shi a inuwa kwana ɗaya kafin a shiga. Wannan ƙaiƙayi yana wucewa.

Mukan ga sanguna an kewaye rabin albasa ko tumatir da su a lambu, ko an rufe 'yan tsaki, ko an murɗe su an yi igiyar ɗaure kara. In tsoho ne wanda ya gama aikinsa, ba mu da ta cewa. Amma mun sha ganin sabo fil a jikin danga, alhali yaran gidan suna kwana a fili. Albasa ba ta yin jijjiga. Idan kuwa sange ya huje, allura da zare sun isa. A ɗinke tun ƙofar tana ƙarama, a kuma cusa gefensa ƙarƙashin tabarma ko katifa kowane dare.

Sauro ma yana koyon darasi

Rumbun da ake ɗiba ba a zubawa, ƙarshensa ƙasa. Sange yakan fara da ƙarfi, ya yi ta raguwa. A shekararsa ta ƙarshe, maganin da ke tasowa ba shi da yawa. Sauro mai rauni zai mutu, mai tauri ya tsira, ya hayayyafa. Ga kuma maganin feshi na gona, wanda sau da yawa danginsu ɗaya da na sange, yana gangarawa cikin ruwan da sauro ke ƙyanƙyasa. Masu bincike na cibiyar CERMES a Yamai sun bayyana a 2008 cewa alamar jure magani ta ƙaru a jikin sauron Nijar bayan babban rabon nan.

Don haka aka fito da sababbin sanguna. Wani ana ƙara masa sinadari mai suna PBO, wanda ke hana jikin sauro karya maganin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da shi a 2017. A 2023 kuma ta amince da sange mai magani iri biyu. In an zo rabon sabo, mu karɓa, mu rataye shi. Kada mu ajiye shi cikin akwati muna jiran tsohon ya ƙare. Wanda ba a ba sabo ba kuwa, ya ci gaba da kwana cikin tsohon. Tsoho mai ɗinki ya fi babu nesa ba kusa ba.

Sange ba ya hana a ba yara maganin rigakafin damina, wanda aka fara rabawa a yankin Gidan Rumji a 2013. Ana ba yara daga wata 3 zuwa shekara 5, kwana 3 a jere cikin kowane wata na damina. Ƙarfinsa a cikin jini wajen mako 4 ne, sa'an nan ya ƙare. Shi ya sa ake dawowa kowane wata, shi ya sa kuma tsallake wata ɗaya ke barin yaro a buɗe.

Akwai wasu magungunan asibiti da aka yi su da irin dabarar sange. Ashanar da ake sa wa mata a damtse don tazarar haihuwa, 'yar roba ce mai sakin magani kaɗan-kaɗan, wata shekara 3, wata shekara 5. Wasu ƙwayoyin hawan jini da na ciwon sukari an lulluɓe su don su narke a hankali cikin yini guda. Wanda ya tauna irin wannan ƙwaya, ko ya daka ta, ya fasa randa ke nan. Maganin yini ɗaya zai shiga jininsa lokaci guda. Kafin mu daka ƙwaya ko mu buɗe kafso, mu tambayi malamin asibiti.

Mu leƙa gona

Manomi ya san wannan darasi tun kafin a rubuta shi. Ƙasarmu jigawa ce, rairayi ne, ba ta riƙe ruwa, ba ta riƙe taki. Takin yuriya yana da ƙarfi: a cikin kilo 100 akwai kilo 46 na abincin da ke sa ganye ya yi kore. Amma ba shi da haƙuri. Yana narkewa nan da nan. In aka watsa shi a kan ƙasa aka bar shi a rana, wani kashi zai zama iska ya tashi. In ruwa mai yawa ya sauka, wani kashi zai nutse ƙasa inda saiwar ƙaramin hatsi ba ta kai ba. Manomi ya biya kuɗin buhu guda, hatsi ya ci rabi ko ƙasa da haka.

A wasu ƙasashe ana lulluɓe ƙwayar yuriya da farar wuta ko da roba mai laushi don ta narke a hankali, amma tana da tsada. A Indiya, tun 2015 gwamnati ta sa a riƙa shafa wa yuriyar da ake yi a ƙasar man dogon yaro, itacen nan da wasu ke kira bedi, wanda ya cika garuruwanmu. Man yana rage saurin ɓacewar takin cikin ƙasa.

Mu da ba mu da irin wannan, hannunmu ne zai yi aikin. Kada a zuba yuriya duka rana ɗaya. A raba ta biyu: rabi bayan noman fari, idan an rage hatsi, rabi kuma wajen maimai, lokacin da hatsi ya fara kara. A sa ta lokacin da ƙasa ke da danshi, kusa da gindi, a rufe da ƙasa.

Ga kuma dabarar ɗan taki a gurbi, wadda masu binciken ICRISAT na Sadore suka gwada tare da manoman Nijar. Cikin marfin kwalbar lemo ɗaya na takin kamfa, wato 15-15-15, wajen giram 6 ne. A sa shi a kowane gurbin shuka. In hekta tana da gurbi 10,000, kilo 60 ke nan. In takin DAP ne, abin da yatsu uku suka tsinto ya isa, wajen giram 2, kilo 20 a hekta. A lura kada takin ya taɓa iri, musamman in ƙasa ba ta jiƙu sosai ba, don yana iya ƙona tsiro.

Mutanen Agye sun tuna takin ruwa, wanda aka gwada a ƙauyukansu a 2009. Fitsari ne ake tarawa cikin jarka, a toshe bakinta, a ajiye aƙalla wata guda kafin a kai gona. Me ya sa ake toshewa? Domin ƙarfinsa irin na yuriya ne, in an bar shi a buɗe sai ya bi iska. A gona ma a zuba shi cikin ɗan rami a rufe.

Takin gida kuwa, da kashin awaki, da ganyen gawo, su ne masu haƙuri. Abincin shuka yana ɗaure a cikinsu. Gara da ƙananan halittun ƙasa ne ke kwance shi, su kuma sun fi aiki in akwai danshi. Wato taki yana kwance duk rani bai saki da yawa ba, sai ruwa ya sauka ya fara saki sosai, daidai lokacin da hatsi ke bukata. Gawo ma yana zubar da ganyensa ne a farkon damina, sa'ad da sauran itatuwa ke tohowa. Duk wanda ya ga hatsin gindin gawo a gonakin Ɗan Saga, inda sassaben zamani ya mayar da itatuwa cikin gonaki, ya ga shaida. A ganinmu, har yau ba a ƙera takin da ya san lokaci kamar wannan ba.

Abin da masana ke nema yanzu

Mun ga aibin sange da na sauran ire-irensa: farko da yawa, ƙarshe kaɗan. Abin da ake so shi ne magani ya fito daidai wa daida daga farko har ƙarshe, sa'an nan ya tsaya a ranar da aka yanka masa.

Don mu gane dabarar da ake gwadawa, mu tuna guguwa. Da rani mukan ga iska ta murɗe, ta tashi tsaye, ta kwashi ƙura da ganye da leda. Ba wanda ya gina ta, ita ta haɗa kanta. Muddin iskar na da ƙarfi, tana tsaye, tana riƙe da kayanta. Ƙarfin na ƙarewa sai ta watse, kayan su zube.

A cikin jikinmu ma akwai irin wannan. Cikin ƙananan ƙwayoyin halittar da suka haɗu suka zama nama da jini, akwai wasu siraran zaruruwa da ke ginuwa suna rushewa dare da rana. Ƙarfin abincin da muke ci ne ke tafiyar da su.

Masana a jami'ar Delft ta ƙasar Holan, da jami'ar fasaha ta Munik a Jamus, sun kwaikwayi wannan. Suna zuba wasu sinadarai cikin ruwa, a narke, kowane ƙwaya tana yawonta. Sai su ƙara wani sinadari wanda ke matsayin makamashi, kamar itace a murhu. Nan take ƙwayoyin su harhaɗu da kansu, su zama abu mai kauri kamar kamu, ko su zama ɗige-ɗige kamar mai a kan ruwa. In akwai magani a wurin, sai su ƙunshe shi. Ruwan kuwa yana ta warware su, makamashin yana sake haɗa su. Ranar da makamashi ya ƙare, sai kome ya narke, maganin ya fita. A 2017 masanan Munik suka nuna cewa yawan makamashin da aka zuba shi ne ke yanke tsawon ran abin: kaɗan ya watse da wuri, mai yawa ya daɗe. A 2020 kuma suka nuna ɗige-ɗigen da ke sakin magani daidai wa daida har su ƙare.

Kada mai karatu ya je kantin magani neman wannan. Yana ɗakin gwaji tukuna. Yawancin waɗannan abubuwa mintoci ko sa'o'i suke yi kafin su watse, sange kuwa shekara 3 ake nema daga gare shi. Wasu daga cikin sinadaran makamashin ma ba su dace da jikin mutum ba, sai an samo masu sauƙi.

Aikin aji

Malamin yaƙi da jahilci ya sa kowane ɗalibi ya duba sangen gidansa kafin zama na gaba. Ya rubuta a littafinsa shekarar da aka karɓo shi, da sau nawa aka wanke shi, da yawan ƙofofin da ke jikinsa, da sunayen waɗanda suka kwana cikinsa daren jiya. Wanda ya samu ƙofar da yatsa ke shiga, ya zo aji da sangen, da allura da zare.